Waɗanda suka daɗe a Ingila, yaya abin yake bayan shekara 30?

Ɗan_Kakuri

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema, amma daga wanda ya zauna ya daɗe, ba wanda ya je wata shida yana ɗora mana hoto da ƙatuwar jaket a gaban jan bas ba. Maiɗakina nas ce, shekara biyu tana fama da jarabawowin nan, jarabawar Turanci ta IELTS ma sau biyu ta zauna, yanzu dai Allah ya yi wani asibiti a Bolton kusa da Manchesta sun ba ta aiki, kuma irin bizar tata ana yarda miji da yara su biyo. Yaranmu biyu, babban shekara 6, ƙaramar 2. Ni kuma shagon gyaran waya nake da shi a wajen Kasuwar Bacci da yara biyu masu koyo a hannuna, ba wani mai kuɗi ba ne ni amma Alhamdulillah ban taɓa rasa na cefane ba.

Kowa cewa yake mu tafi, har Hajiyarmu. Ni ba tafiyar ce ke hana ni barci ba, abin da zai biyo baya ne. In na kai shekara 60 a can ni wane ne? Wane aiki zan yi duk tsawon shekarun nan, kuma yaran nan su waye za su zama? Wani ya ce min Bolton ɗin ma tsohon garin masaƙa ne, to ni a Kakuri, unguwar masaƙun Kaduna, na tashi, babana shekara 24 ya yi a masaƙa, na san yadda garin masaƙa yake komawa in inji ya tsaya. Wanda ya sani ya faɗa min tsakani da Allah.

Sarkin_Keke_KD

Malam kana da biza a hannu kana tambaya? Ka ba ni mana in je maka in dawo in ba ka labari. Ka sayar min da shagon ma in ka tashi, da gaske nake.

Tsohon_Masaƙi

Wa alaikumus salam. Jikan ƙanena ne ya nuna min wannan tambaya ya ce Baba ga garinku ana magana, shi ya buɗe min wannan abu, ku yi haƙuri da tsawon rubutu, tsoho in ya fara ba ya iya birki.

Ɗana, Bolton na sauka a watan Satumba 1977 ina ɗan shekara 22, kwas ɗin fasahar masaƙa aka tura ni na shekara uku, a lokacin kwalejin garin ta yi suna a wannan fanni kuma 'yan Najeriya ba mu da ƙaranci a cikinta. Ban dawo gida da zama ba sai 2021. Ka lissafa da kanka.

Abin da yawancin yaran Kaduna ba su sani ba shi ne dangantakar Kakuri da wancan yanki ta fi yadda suke zato. Masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar wani kamfanin Lankasha aka kafa ta, David Whitehead and Sons, garinsu Rawtenstall bai kai tafiyar awa ɗaya daga Bolton ba. Shi ya sa ranar da na fara shiga ɗakin kaɗi a can ban ji baƙunta ba sam, warin auduga da man inji iri ɗaya, ƙurar da ke maƙale maka a gashin ido iri ɗaya. Bambancin kawai su nasu ya riga ya fara mutuwa, namu a lokacin yana tashe. Turawan ajinmu har zolayarmu suke yi wai mun zo koyon sana'ar da za mu koma mu kashe su da ita. Ashe duka biyun ɗaki ɗaya za a kwantar da su.

Kuɗin alawus da ake aiko mana daga gida ya fara makara a shekara ta biyu, wata uku wata huɗu shiru, ba sai na kira sunan masu aikowa ba, da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. To dole na shiga aikin dare a wata masaƙa, ƙarfe 10 zuwa 6 na safe. Aikin dare a lokacin kusan duk 'yan Indiya ne Musulmin Gujarat da 'yan Pakistan, Turawa sun bar musu, matan Turawa kuma su ne da rana. Matan nan saboda ƙarar inji sun iya karanta leɓe, mace tana wancan ƙarshen ɗaki za ta zage ka tas ba ka ji ko harafi ɗaya ba sai dai ka ga sauran suna dariya. Da yawansu kafin su tsufa kunne ya tafi, wasu kuma ƙirji, ƙurar auduga ba ta da imani, ku tambayi tsofaffin Kakuri masu tarin nan da ba ya warkewa.

Ɗakin da na fara haya banɗakinsa a bayan gida yake a waje, a watan Janairu sai ka yi shawara da kanka sau uku kafin ka fita. Gas kuma da mita, sai ka jefa sulalla ya kawo, in ta ƙare tsakar dare kana dafa shinkafa shi ke nan. Hunturun 1978 zuwa 79 aka yi ta yajin aiki, masu kwasar shara, direbobin manyan motoci, kowa, ga dusar ƙanƙara, na ce yau ga ƙasar da aka ce mana komai nata tsaf. Bayan nan Magaret Tacha ta hau a Mayun 1979, kafin ka ce kwabo masaƙu suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, a farkon 1982 marasa aiki a ƙasar suka haura miliyan uku. Tamu ta rufe a wannan tsakanin. Wata Juma'a aka tara mu a kantin cin abinci, manaja ya karanta takarda bai fi minti biyar ba, wani tsohon Bature da ya shiga masaƙar tun yana ɗan 14 ya cire hularsa ya zauna a ƙasa dirshan. Har yau ina ganinsa.

Me ya hana ni dawowa lokacin? Na yi aure a 1981 na kawo ta daga Zariya, ta haihu 1982, na ce bari yaro ya yi ƙwari. Sai Buhari ya yi juyin mulki, na ce bari ƙura ta lafa. Sai Babangida ya kawo tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, naira da na bari kusan kafaɗa da kafaɗa da fam ta fara gangara, fam ɗin da nake aikowa Kaduna ya zama shi ne abincin gida uku. Daga nan ba ni ne ke yanke shawara ba kuma. Babu ranar da na zauna na ce na zaɓi Ingila, kullum "baɗi" ne, baɗi ta yi ta haihuwar baɗi.

Bari in tsaya in yi sallah, zan ci gaba.

Maman_Biyu_Preston

Kafin Baba ya dawo bari in sa baki, ni ina Preston shekara huɗu kenan, ba nisa da Bolton, jirgin ƙasa ɗaya ne. 'Yar Tudun Wada ce ni. Ɗan'uwa tunda matarka nas ce kun yi sa'a, domin masu aikin kula da tsofaffi tun Maris 2024 aka hana su zuwa da iyali. Amma ka sani ita ce mai biza, kai mabiyi ne, in aikinta ya samu matsala duk gidan ya samu matsala, kuma wlh ba kowane namijin Hausa ne zuciyarsa ke ɗaukar wannan ba, na ga aure biyu da suka watse a kan haka, ba talauci ba ne ya raba su, "ni za ki ce wa in wanke kwano" ne ya raba su.

Maigidana a Kaduna ma'aikacin banki ne da kwat da mota, a nan sito yake aiki yana ɗaukar kwalaye, awa goma a tsaye, wata ukun farko in ya dawo ko magana ba ya yi. Ni in na yi aikin dare shi ke kai yara makaranta ya yi musu wanka ya dafa indomi, don kuɗin rainon yara a nan zai iya cinye albashin mutum ɗaya, ba kaka ba ƙanwa ba 'yar maƙwabta da za ki ce riƙe min. Albashi in ka juya shi naira sai kanka ya yi girma, amma ka cire haya, ka cire harajin kansil, ka cire gas da wuta lokacin sanyi, ka cire na 'yan gida da ke ganin kana tsinkar kuɗi a bishiya, sai ka ga saura na wake da shinkafa. Makarantar yara dai kyauta ce kuma ana koyarwa da gaske, wannan kam ba zan ɓoye ba. Sannan zancen takardar zama ta dindindin da aka saba bayarwa bayan shekara biyar, a 2025 gwamnati ta fito da maganar mayar da shi goma, to ku bincika yadda ya shafe ku kafin ku sayar da komai.

Ku taho da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji mai yawa. Kilishi kar ku fara, an hana shiga da nama, a filin jirgi za a zubar muku kuna kallo.

Tsohon_Masaƙi

'Yata Allah ya yi miki albarka, duk abin da kika faɗa haka yake, sai dai mu a zamaninmu ko indomin babu.

To bayan masaƙa na yi wata takwas ina karɓar kuɗin marasa aiki, ka je ka sa hannu a layi da maƙwabtanka Turawa, kowa kansa a ƙasa. Sai na samu tuƙin bas, irin masu hawa biyun nan ruwan lemo. A nan na san garin ciki da bai, kuma a nan na sha zagi mafi yawa, musamman bas ɗin ƙarshe daren Asabar in an tashi daga mashaya. Amma a nan kuma na samu tsofaffin mata masu kawo min alewa a jaka suna kira na da sunan da suka ga dama don sun kasa faɗin nawa. A Yulin 1984 da aka samu Umaru Dikko a cikin akwati a filin jirgin Stansted, sati guda abokan aiki suna ce min in zan je hutu gida su za su nemo min akwati mai arha. Na ce musu ai mutumin jiharmu ne, dariyar ta ƙaru. Azumin shekarun nan kuwa a tsakiyar bazararsu ya faɗo, rana ba ta faɗuwa sai kusan 10 saura na dare, ga ni a kan sitiyari da dabino uku a aljihun riga.

A Oktoban 1986 gwamnati ta saki harkar bas ga 'yan kasuwa, aiki ya lalace, awa ta ƙaru kuɗi bai ƙaru ba, bayan 'yan shekaru na koma tasi. Tasi na yi shekara 17. Ƙarshe na yi gadi a wani sito har na kai shekarun fansho. Wato ka ga, na je in zama injiniyan masaƙa, takardar tana nan a firem a falona a Malali, aikin da na yi da ita bai kai shekara huɗu ba.

Garin kuma a gabana ya canza fata. Da na je, in ka hau tudu dogayen bututun hayaƙi kake gani ko'ina, kuma ƙarshen Yuni masaƙu duka su rufe sati biyu, gari ya zama kamar an yi shara, kowa ya tafi bakin teku Blackpool. Yanzu gine-ginen jan bulon nan wasu an rushe, wasu sun zama sito, wasu gidajen haya. Filin ƙwallon Burnden Park da ke cikin gari aka bar shi a 1997 aka gina sabo can bayan gari da manyan kantuna kewaye da shi, sai katafariyar kasuwar Trafford Centre ta wajen Manchesta ta buɗe a 1998, mutane suka daina shiga tsakiyar gari sayayya, shaguna suka yi ta mutuwa, kantin Woolworths ma da kowane yaro ya sani ya rufe wajen ƙarshen 2008. Abu ɗaya da ya ɗaga mana kai shi ne zuwan Jay-Jay Okocha ƙungiyar ƙwallon Bolton a 2002. Shekara 25 ina garin ana ɗauka ta ɗan Jamaika, rana ɗaya kowane fasinja ya san Najeriya, har wani ya ƙi karɓar canjinsa saboda wata ƙwallo da Jay-Jay ya ci, kamar ni na buga.

Abu_Nasarawa_Kaduna

Baba ranka ya daɗe, da girmamawa, amma ni ban yarda a haɗa mutuwar Bolton da ta Kakuri a ce iri ɗaya ba ce. Kai da bakinka ka ce da aka rufe taku ka yi wata takwas gwamnati na ba ka kuɗi, ka samu bas, ka samu tasi, asibiti kyauta, yara suna makaranta kyauta, yau kana cin fansho da fam. Mu fa? KTL ta tsaya 2002, masaƙar UNTL 2007, masaƙun Arewa da Nortex su ma duk suka rufe, dubban mutane aka watsa titi rana tsaka. Mahaifina, ba zan faɗi wacce ya yi wa aiki ba, da fayil ɗinsa a leda ya yi ta zarya yana bin haƙƙinsa har ya rasu bai ga sisi ba, mutumin da ke gyara injin saƙa da ido rufe ya ƙare yana acaɓa da furfura. Can in gari ya mutu akwai katifa a ƙasa, nan siminti ne. Ɗan_Kakuri ka ɗauki iyalinka ka tafi, yaranka su tashi inda in an kore su daga aiki ba za su yi bara ba. Hausa kuma ba a kanta za a yi musu hisabi ba.

Ɗan_Kakuri

Na gode ƙwarai jama'a. Abu Allah ya jiƙan Baba, namu ma kusan haka ya ƙare, shi ya sa maganarka ta taɓa ni. Anti Maman Biyu zancen wanke kwano na karanta wa madam ta yi ta dariya, ni ban yi ba.

Baba Allah ya ƙara girma, ka ba mu labarin aiki da gari amma ka tsallake yaran, kuma su ne asalin tambayata. Suna ina yanzu? Suna jin Hausa? Kuma in ba rashin kunya ba ne, me ya dawo da kai bayan shekara 44?

Tsohon_Masaƙi

Abu ɗana ban musa maka ba, katifar nan gaskiya ce kuma na kwanta a kanta. Allah ya jiƙan mahaifinka, wataƙila ma na san shi.

Yaran ban tsallake su da mantuwa ba. Huɗu ne. Babban an haife shi 1982, ya samu fasfo ɗinsu kai tsaye domin sai ranar 1 ga Janairu 1983 dokar ta canza aka daina ba wa jariri ɗan ƙasa don kawai an haife shi a can, wannan ma ku sani, haihuwa a can yanzu ba ita ce takarda ba. Duka huɗun sun yi karatu, ɗaya likitan haƙori, ɗaya malamar makaranta, ɗaya yana gyaran tukunyar ɗumama gida kuma ya fi su duka kuɗi, autar tana aikin kansil. Suna sallah, matan suna sa hijabi, Alƙur'ani a hannun malaman Gujarat suka sauke shi a makarantar masallaci ta yamma, har yau in babban yana karatu da muryar Indiyawa yake yi. Ban da abin da zan ce da su sai godiya.

Amma 'yan Bolton ne. Ban ce 'yan Ingila ba ma, 'yan Bolton, da irin Turancin garin da ko ɗan Landan sai ya kasa kunne. Hausa suna ji, amsawa ce da Turanci. Laifina ne rabi, ina aikin dare ina barcin rana, uwarsu ce kawai ke yi musu, kuma Hausawan da ke garin a lokacin ba mu cika tabarma ɗaya ba, da wa za su yi? Na kawo su Kaduna 1995, mahaifiyata ta rungume babban tana kuka tana yi masa kirari, shi kuma ya juyo yana tambayata da Turanci me take cewa. Na fassara masa. A ranar na san abin da na biya. Jikokina tara, "sannu" da "na gode" suka iya, sai "tuwo", shi ma ɗaya ce ke ci.

Abin da ya dawo da ni, abokina ne ɗan Katsina da muka je shekara ɗaya, ya rasu lokacin korona, mutum ƙalilan aka bari suka raka shi, aka sa shi a sashen Musulmi na maƙabartar gari cikin ruwan sama da laka. Na dawo gida na ce wa Hajiya ni kam a kai ni inda za a yi min sahu. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, ita inda jikokinta suke nan ne garinsu. Matar da na ɗauko daga Zariya tana kuka wai ba za ta iya sanyi ba! Yanzu tana zuwa Disamba ta koma Maris kafin zafi, ni kuma in je in ga likita in ga yara, ba na bari in daɗe da yawa ban leƙa ba. Fanshon gwamnatinsu yana shigo min, sai dai wanda ke zaune a Najeriya ba a yi masa ƙarin shekara-shekara da ake yi wa na can, inda ya tsaya nan ya tsaya, wannan ban sani ba sai da na dawo.

Nan ɗin ma ba wai na dawo na tarar da Kadunar da na bari ba ne. Na sa yaro ya zaga da ni Kakuri, ciyawa ta fi ni tsawo a inda muke ajiye kekuna. A masallacin unguwa "Baba na Landan" suke kira na, ni da ban taɓa kwana uku a jere a Landan ba.

Shagonka kar ka sayar wa mai keken can. Ka bar wa babban yaronka amana, a rubuta a takarda da shaidu. Gyaran waya kuma sana'a ce a can ma, ka bi Derby Street da Deane Road ka ga shagunan 'yan Pakistan, ka shiga ka yi sallama ka nuna musu hannunka, ya fi maka ɗaukar kwali. In kana so ka zo Malali ranar Asabar bayan la'asar, jikan nan zai tura maka kwatance ta akwatin saƙo, akwai wata tsohuwar kwat ta ulu da ta yi min shekara 20, in ta shige ka ka ɗauka.

Sarkin_Keke_KD

Baba ni me na yi maka kuma. To kwat ɗin in ba ta shige shi ba ina layi.